Lauyan ƙungiyar ƙwadago a Garwa: inda ya fito da aikin da yake yi kafin a shiga kotu

Shekara goma sha huɗu kawuna ya yi yana tuƙa babbar mota a wani kamfanin dakon kaya a nan Garwa, a arewacin Kamaru, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare ya haura da su Marwa da Kusiri, wani lokaci har ya ƙetara gada ya sauke a Njamena. Ranar da aka sallame shi babu wanda ya ba shi ko guntuwar takarda. An karɓi mabuɗin mota, aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Ya yi wata biyu yana jiran kira, domin a tarbiyyar da muka tashi da ita a Hausare mutum yana jin nauyin ya tsaya gardama da wanda ya daɗe yana cin abinci a hannunsa. Sakataren ƙungiyar direbobi, wadda a nan muke kira sandika, shi ne ya matsa masa har ya yarda ya je wurin lauyan da ƙungiyar take hulɗa da shi, ni kuma na raka shi saboda Faransancinsa bai wuce na kan hanya ba.

Ofishin ɗaki biyu ne, da fanka ɗaya da tarin fayiloli ɗaure da igiya, ga baƙar rigar shiga kotu rataye a bayan ƙofa. Lauyan ya fara gaishe mu da Fulatanci, da ya ji bakinmu sai ya juya Hausa. Kawu ya gyara zama zai fara ba da labari tun daga ranar da aka ɗauke shi aiki, sai lauyan ya dakatar da shi cikin ladabi, ya ce: "Baba, labarin zan ji shi duka, amma fara zazzage mini abin da ke cikin ledar nan." A cikin ledar akwai takardun albashi guda bakwai na shekaru daban-daban, da katin asusun fansho na CNPS, da wasu takardun rakiyar kaya masu ɗauke da sunansa da hatimin kamfani, da wani tsohon littafi da yake rubuta man da aka zuba masa a kowace tafiya, inda magatakardan kamfani yake sa hannu a gefe. Kawu ya ce: "Metir, wannan littafin ba wani abu ba ne, lissafin mai ne kawai." Lauyan ya ɗauki littafin ya riƙa buɗe shi shafi bayan shafi, sa'an nan ya ce a duk abin da muka kawo babu wanda ya kai shi daraja, domin shi ne yake nuna cewa babu watan da kawu bai yi wa mutanen nan aiki ba.

Tun daga wannan rana na fara fahimtar cewa abin da muke zato game da irin wannan lauya bai yi daidai da aikinsa ba. Muna ɗaukarsa mutumin da yake tsayawa gaban alƙali yana zuba magana, alhali mafi yawan shari'un ma'aikata ana cin su ko a faɗi tun kafin a taka ƙofar kotu, a kan takarda da lissafi da kiyaye wa'adi. Babban aikinsa a yankinmu shi ne ya ɗauki hulɗar da aka gina a kan amana da maganar baki ya mayar da ita hujjar da doka take ganewa.

Kafin a zo nan, yana da kyau a san hanyar da mutum yake bi ya zama lauya a Kamaru, domin ita ce take bayyana dalilin ƙarancinsu a Arewa. Dokar da ta tsara sana'ar ita ce ta 19 ga Disamba 1990. Sai mutum ya sami digirin shari'a, sa'an nan ya ci jarrabawar shiga horo, ya yi shekara biyu a ƙarƙashin wani gogaggen lauya, ya sake cin jarrabawar kammalawa, ya yi rantsuwa a gaban kotun ɗaukaka ƙara, kafin a rubuta sunansa a jerin ƙungiyar lauyoyi, wadda guda ɗaya ce a duk ƙasar. Jarrabawar shiga horon ba kowace shekara ake yin ta ba, har shekaru sukan shuɗe ba a buɗe ta ba, shi ya sa wasu masu digiri suke tafiya ƙasashen waje su sami shaidar lauya su dawo, abin da ɗan talaka ba shi da halinsa. Kafin 1993 kuwa, wanda yake son karatun shari'a a cikin ƙasa sai ya sauka Yawunde. A wannan shekarar ce aka kafa jami'ar Ngawundare da ke Dang, daga baya ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa kuma a 2022. Ko da mutum ya yi karatunsa a Arewa, manyan ofisoshin da ake samun horo suna Duwala da Yawunde, can kuma kuɗin sana'ar yake, wurin bankuna da kamfanonin inshora da masu shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa. Wanda ya tafi horo can ba kasafai yake dawowa ba.

Lauyan kawu yana cikin waɗanda suka dawo. A zaman da muka yi da shi daga baya ya ba mu labarin cewa mahaifinsa lebura ne a masana'antar gurzar auduga, irin waɗanda ake ɗauka idan kaka ta yi a sallame su idan audugar ta ƙare, kuma ya tashi yana ganin yadda gidansu yake cika da walwala wata shida ya koma ƙunci wata shida. Ya yi allo, ya yi boko, ya karanta shari'a a Dang, sa'an nan ya yi shekaru yana rubuta wa wani lauya takardu a Duwala yana jiran a buɗe jarrabawa. Ya ce a can ne ya koyi dokar ƙwadago ta ɓangaren masu kamfani, domin ofishin da ya zauna su yake karewa, kuma wannan ilimin ne ya fi amfanar sa yau, tun da ya san yadda ake tsara takardar kora ta yadda ba za a sami kafar kama ta ba. Ban ɗauki wannan abin aibu ba. Wanda bai san yadda aka ɗaura ƙulli ba zai sha wuyar kwance shi.

Sana'ar tasa tana da tarihi da ya girme shi. Faransa ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasashen da take mulka a watan Agusta 1944, a ƙarshen shekarar kuma aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar USCC a Kamaru, wadda Ruben Um Nyobe ya zama babban sakatarenta a 1947. Shi kansa Um Nyobe magatakardan kotu ne kafin ya shiga gwagwarmaya, abin da yake nuna cewa tun farko ƙungiyar ƙwadago a ƙasar nan ta dogara da waɗanda suka san harshen doka. Yajin aikin Duwala na Satumba 1945 ya ƙare da zubar da jini, kuma sai a Disamba 1952 aka sami dokar ƙwadago ta ƙasashen Faransa na ƙetare. Bayan samun 'yanci, a zamanin Ahmadu Ahijo, an haɗe ƙungiyoyin duka a 1972 suka zama ɗaya a ƙarƙashin inuwar jam'iyya mai mulki, kuma a irin wannan tsari ƙungiya ba ta da buƙatar lauyan da zai ja da gwamnati. Abin ya sauya a farkon shekarun 1990, lokacin da aka buɗe fagen siyasa, aka fitar da dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 wadda ake aiki da ita har yau, aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati sau biyu a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, sa'an nan aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati da rage ma'aikata. Daga nan ne ƙungiyoyi suka yawaita, rigingimu suka yawaita, lauyan ƙungiya ya zama mutumin da ba a iya yi sai da shi.

Dokar 1992 ba ta yarda ma'aikaci ya wuce kotu kai tsaye ba. Dole ya fara zuwa wurin sufeton ƙwadago, wanda zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. Idan an daidaita, a rubuta takardar sulhu, shugaban kotu ya sa mata hatimin zartarwa, magana ta ƙare. Idan ba a daidaita ba, sufeto ya ba da takardar rashin sulhu, kuma da ita kaɗai ake iya shigar da ƙara. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Doka ta ce idan mai kamfani ya sa ma'aikaci ya sa hannu a ofishinsa cewa ya karɓi haƙƙinsa duka, wannan rubutu ba ya hana shi neman ragowar. Amma abin da ya sa wa hannu a gaban sufeto a matsayin sulhu ya ɗaure shi. Mutumin da ya yi wata uku babu albashi, ga haya ga kuɗin makarantar yara, idan aka ajiye masa sefa dubu ɗari biyu a kan tebur zai ga kamar an yi masa alheri, ko da haƙƙinsa ya ninka haka sau biyar. Saboda haka lauyan ya zaunar da kawu kafin ranar zuwa wurin sufeto, ya lissafa masa komai a takarda ɗaya: kuɗin wa'adin sallama da ba a ba shi ba, da kuɗin sallama da doka ta tanada wa wanda ya kai shekara biyu a wuri, da hutun shekara da bai ci ba, da albashin watannin da aka bar shi a rataye. Ya kuma gargaɗe shi cewa duk abin da bai ambata a gaban sufeto ba zai yi wuya ya shigo da shi a kotu daga baya.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda haƙurinmu yake cutar da mu a kanta. Neman albashin da aka riƙe yana faɗuwa bayan shekara uku, ɗaukaka ƙara kuma kwana goma sha biyar ne kacal daga ranar hukunci ga wanda aka yanke a gabansa. Mutum yana can yana aika dattawa biko, yana jiran mai gida ya dawo daga Umra, yana cewa mahaƙurci mawadaci, wa'adi kuwa yana tafiya. Ba na raina sulhun dattawa, domin sau da yawa ya fi kotu sauri da rufin asiri. Abin da lauyan ya nuna mana shi ne ana iya yin biyun tare: a ajiye koke a rubuce wurin sufeto, dattawa kuma su ci gaba da nasu ƙoƙari.

Idan magana ta kai kotu, tsarin yana da wasu sauƙaƙe da aka yi domin talaka. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙarar ƙwadago, ko a kotun farko ko a ta ɗaukaka ƙara. Alƙali yana zama tare da mataimaka biyu, ɗaya daga ɓangaren masu ɗaukar aiki, ɗaya daga ɓangaren ma'aikata. Idan abin da ake nema bai wuce sefa miliyan 10 ba ƙaramar kotu ce take ji, idan ya haura sai babba. Kwantiragin aiki ana iya tabbatar da shi ta kowace hanya, ba sai da rubutacciyar yarjejeniya ba, wannan ne ya ba littafin man kawu ƙima. Nauyin kawo hujjar cewa kora tana da dalili na halal kuma yana kan mai kamfani, wanda doka ta wajabta masa ya sanar da kora a rubuce tare da faɗin dalili. Ma'aikaci ma ba dole ne ya ɗauki lauya ba, wakilin ƙungiyarsa yana iya tsaya masa. Wannan ya sa a ƙananan shari'u lauyan yakan tsaya a baya, ya rubuta wa sakataren ƙungiya abin da zai gabatar, ya koya masa inda zai taka, shi kuma ya ajiye ƙarfinsa domin manyan rigingimu.

Sai dai dokar da ta buɗe ƙofa ita ce kuma ta sa rufi a kan abin da za a samu. Diyyar korar zalunci ba ta gaza albashin wata uku, ba ta kuma wuce albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki. A ɗauka mutum yana karɓar sefa 80,000 a wata kuma ya yi shekara goma sha huɗu: mafi ƙarancin diyyarsa 240,000, mafi yawanta 1,120,000, komai munin yadda aka wulaƙanta shi. Kuma a galibin lokuta kotu ba ta mayar da shi bakin aikinsa, kuɗi kawai take yankewa. A ganina wannan shi ne babban raunin dokar 1992, domin kamfani mai ƙarfi yana iya lissafa farashin korar mutum tun kafin ya kore shi, ya ga abin bai fi ƙarfin aljihunsa ba. An rubuta dokar ne a lokacin da masu ba ƙasar bashi suke matsa lamba a sassauta wa kamfanoni, kuma alamar wannan lokaci tana nan a jikinta. Mafi ƙarancin albashi ma ya tsaya a kan sefa 36,270 tun daga 2014 har zuwa Maris 2023, sa'ad da aka kasa shi uku: 41,875 ga ma'aikatan gwamnati da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago, 45,000 ga aikin gona, 60,000 ga sauran sassa. Da yake diyya a kan albashi ake auna ta, mai ƙaramin albashi ƙaramar diyya yake samu.

Duk wannan shari'ar mutum ɗaya ce. Abin da ya bambanta lauyan ƙungiya da sauran lauyoyi shi ne wanda yake karewa taro ne, kuma kariyar tana farawa daga samuwar ƙungiyar kanta. A Kamaru ƙungiyar ma'aikata ba ta da rai a idon doka sai magatakardan ƙungiyoyi ya ba ta takardar rajista, bisa buƙatar da aƙalla mutum ashirin suka sa wa hannu, kuma wanda ya yi aiki da sunan ƙungiyar da ba ta da rajista yana iya fuskantar tuhuma. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe tana sukar wannan sharaɗi, domin Kamaru ta amince tun 1960 da yarjejeniya ta 87, wadda ta ce ma'aikata suna da ikon kafa ƙungiya ba tare da neman izini ba. Lauya ne yake rubuta tsarin mulkin ƙungiya, yake bin fayil ɗinta, kuma idan ta rabe gida biyu kowane ɓangare yana cewa shi ne halattacce, abin da ya sha faruwa da manyan ƙungiyoyin ƙasar, shi ake kira ya je kotu a kan hatimi da asusun banki. Wannan ɓangare na aikin yana ɓata mini rai, domin lokacin da ya kamata a kashe a kan haƙƙin lebura yana tafiya a rigimar kujera.

Daga nan sai wakilan ma'aikata, waɗanda ake kira delege. Duk wurin aikin da ya kai mutum ashirin dole a zaɓe su, wa'adinsu shekara biyu, kuma ba a korar ɗayansu sai da izinin sufeton ƙwadago. Korar da aka yi ba da wannan izini ba ɓatacciya ce, kamar ba a yi ta ba, kariyar kuma tana bin tsohon wakili da ɗan takara har wata shida. Masu kamfani sun san haka, shi ya sa wanda yake son ya raba kansa da delege ba kasafai yake korarsa kai tsaye ba. Yakan canza masa wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ko ya tara masa takardun gargaɗi a kan ƙananan kurakurai har su zama tudu. Aikin lauya a nan shi ne ya nuna wa sufeto cewa duk wannan ya faro ne daga ranar da mutumin ya buɗe baki a madadin 'yan'uwansa. Haka kuma idan kamfani ya ce tattalin arziki ya tilasta masa rage ma'aikata, doka ta ce sai an zauna da wakilai a gaban sufeto an nemi wata mafita tukuna, kamar rage sa'o'in aiki ko yin aiki bi da bi, sa'an nan idan korar ta zama dole a bi tsari na ƙwarewa da daɗewa da nauyin iyali. A garuruwan da rayuwa ta rataya a kan 'yan manyan masana'antu, kamar auduga da man girki a Garwa da Marwa, siminti a Figil, shinkafa a Yagwa, jirgin ƙasa a Ngawundare, jerin sunayen da ake fitarwa a irin wannan zama yana taɓa unguwa guda.

Yajin aiki shi ne wurin da lauya yake shan baƙin jini a wurin mutanensa. Doka ta amince da shi, amma sai bayan an bi matakin sulhu a gaban sufeto, an kuma bi na sasantawa a gaban kwamitin da ke zama a kotun ɗaukaka ƙara, duka sun ci tura. Wanda ya ajiye aiki kafin nan ana iya ɗaukar abin da ya yi babban laifi, a kore shi babu wa'adi babu kuɗin sallama. Ka ga taron mutane da aka riƙe wa albashin wata huɗu, jini ya hau, kowa yana cewa gobe a rufe ƙofa, sai mutum ɗaya ya miƙe ya ce a dakata a rubuta wasiƙa. Ba a rasa mai cewa an saye shi. Amma shi ya san cewa idan aka yi gaggawa, waɗanda suka fi ɗaga murya a taron ne za a fara kora, kuma babu kotun da za ta dawo da su. Ma'aikatan gwamnati na dindindin kuwa dokar ƙwadago ba ta shafe su ba sam, nasu koken kotun gudanarwa yake zuwa bayan an fara kai kuka ga hukumar da ta yi laifin. Wannan doguwar hanya tana cikin abin da ya sa malaman makaranta suka fito a Fabrairu 2022 da yunƙurin da aka sani da OTS, wato "mun jure ya isa" a Faransanci, wanda ya taso a wajen tsoffin ƙungiyoyi. A Arewa ba a manta da malamin motsa jiki na sakandaren Beka ba, wanda ya yi shekara goma yana koyarwa babu albashi, ya rasu a watan Maris na wannan shekara.

A ƙetaren kogin Logon, wato a Cadi, aikin ya fi haɗari. Dokar ƙwadagon Cadi ta 11 ga Disamba 1996 tana kama da tamu a ginshiƙanta, domin tushensu ɗaya, amma a can babban mai ɗaukar aiki gwamnati ce, saboda haka rigimar albashi nan da nan take zama ta siyasa. A Satumba 2012 wata kotu a Njamena ta yanke wa shugabannin haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon Cadi ta UST su uku, Michel Barka da Younous Mahadjir da François Djondang, ɗaurin wata goma sha takwas na jeka-ka-gyara-halinka saboda wata takardar koke da ta soki yadda ake tafiyar da dukiyar ƙasa. A ƙarshen 2016, bayan faɗuwar farashin man fetur da matakan tsuke bakin aljihu goma sha shida, an gyara dokar yajin aiki ta yadda gwamnati ba za ta biya albashin ranakun yaji ba. Lauyan ƙungiya a irin wannan yanayi dole ya iya shari'ar laifi kamar yadda ya iya ta ƙwadago, domin wanda yake karewa da safe a kan alawus yana iya kwana a hannun 'yan sanda. Lauyoyin Cadi kuma suna tune da Joseph Behidi, lauya kuma mataimakin shugaban ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, wanda aka harbe a Njamena a Fabrairu 1992.

Cin shari'a ma ba shi ne karɓar kuɗi ba. Bayan hukunci sai an nemi ma'aikacin da ke zartar da shi, wanda ake kira wisiye, shi kuwa ba kyauta yake aiki ba. Kamfani yana iya ɗaukaka ƙara ya ja lokaci, ya wuce har kotun ƙoli a Yawunde, ko a wayi gari ya rufe ya buɗe da sabon suna. Idan ya karye, dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA, waɗanda Kamaru da Cadi duka suke cikinsu tun yarjejeniyar 1993, sun sa albashin ma'aikata a sahun gaba cikin basussuka, amma sai lauya ya gabatar da bashin a kan lokaci, kuma sai in akwai abin da ya rage a raba. Kayan gwamnati kuwa ba a kama su kamar na ɗan kasuwa. Shi kansa lauyan abin da yake samu kaɗan ne, domin kuɗin ƙungiya daga karo-karon membobi yake fitowa, membobin kuma su ne masu ƙaramin albashin nan. Lauyan kawu ya gaya mana cewa shari'un filaye da na kasuwanci ne suke biyan hayar ofishinsa, kuma tun da aka san shi da ƙungiyoyi akwai manyan 'yan kasuwar garin da suka daina kawo masa aiki. A gari kamar Garwa, inda mai kamfani da lauya da sufeto suke haɗuwa a masallaci ɗaya da ɗaurin aure ɗaya, wannan matsin ba ƙarami ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin Hausawan yankin nan suna wajen wannan tsari gaba ɗaya. Yaron shago da ya yi shekara goma yana jiran mai gida ya sallame shi da jari, da ɗan dako a babbar kasuwa, da mai tuƙa babur ɗin wani yana kai balas kullum, da mai gadi, da yarinyar aikin gida, babu mai takardar albashi a cikinsu, babu mai lambar CNPS. Ƙungiyoyin da suke da su, na masu babur ko na mahauta, sun fi kama da ƙungiyoyin sana'a, inda mai gida da yaronsa suke zaune a inuwa ɗaya. Amma a wurin doka abu uku ne suke sa mutum ya zama ma'aikaci: yana yin aiki, ana biyansa, kuma yana ƙarƙashin umurnin wani. Wanda ya cika waɗannan yana da haƙƙi ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba, matsalar kawai ta hujja ce. Muna ganin neman rubutu kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Lauyan ya ce a duk taron ƙungiya da aka gayyace shi, abin da yake roƙo bai wuce mutum ya ajiye takardar albashinsa, ya ɗauki hoton jadawalin aiki da wayarsa, kada ya goge saƙon da aka turo masa kuɗi da shi, kuma ya taka zuwa ofishin CNPS ya duba ko ana zuba masa abin da ake yanka a albashinsa, tun da fansho yana buƙatar wata 180 na zubi.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi girgiza kawu. Da muka je aka buga masa bayanin asusunsa, sai aka ga shekara biyar kawai aka zuba masa cikin goma sha huɗu, alhali ko a takardun albashi bakwai da suka rage a hannunsa ana ganin an yanke kason fansho. A gaban sufeto kamfanin ya yarda ya biya kuɗin wa'adi da na hutu kuma ya ba shi takardar shaidar aiki, amma ya musanta kora, ya ce shi ne ya daina zuwa. An rubuta sulhu a kan abin da aka daidaita, aka rubuta rashin sulhu a kan sauran. Maganar korar tana gaban kotu yanzu, an ɗage ta sau uku, lauyan kuma ya shigar da koke dabam a kan shekaru tara na fansho, ya haɗa da kwafin littafin man nan shafi bayan shafi. Kawu ya sami wata motar yana tuƙawa zuwa Kusiri, kuma duk ranar zama yakan nemi wani ya karɓe shi tafiyar domin ya halarta da kansa.